Babi na 7: Tsara Aikin Yini Ga Mai Tarwatsewar Hankali

Darasi na 1: Da wa muke magana?

'Yan uwa ɗalibai, a duk ajin da na koyar a ƙauyukan nan na ƙasar Wudil ba na rasa mutum ɗaya ko biyu masu wannan hali. Magidanci ne mai basira, in ana hira shi ne kan gaba. Amma zai fito da safe da niyyar kai taki gona, a hanya ya tsaya taya wani gyaran keke, daga nan ya bi mai awaki yana tambayar farashi, sai ya ji kiran azahar, buhun taki kuwa yana nan jingine a zaure. Ko uwargida ta ɗora tukunya, ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, ta ga wanki, ta hau wanki, sai ƙauri ne zai tuna mata da girki. A gida ana ce musu masu shiririta, ko masu rawar kai. Wasu har malalata ake kiransu, alhali da dare sun fi kowa gajiya.

Kowa yakan yi mantuwa. Amma akwai wanda abin ya bi shi tun yana yaro, kullum, a gida da gona da kasuwa, har yana jawo masa asara da faɗa. Likitoci suna kiran wannan larura da haruffan boko huɗu, ADHD. Mu a nan za mu ce mata tarwatsewar hankali. Ba hauka ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba ce. Yanayin ƙwaƙwalwa ne, kuma tana bin jini, shi ya sa za ka ga uba da ɗa halinsu ɗaya. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin yara masu irin wannan hali. Masana sun ƙiyasta kimanin yara 5 cikin 100 suna da ita, manya kuma 2 zuwa 3 cikin 100.

Ni malamin aji ne, ba likita ba. Likita ne kaɗai zai ce kana da ita, kuma zai tambaye ka ko alamun sun fara kafin ka kai shekara 12. Ana duba irin wannan a Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin Dawanau, mutanen Jigawa kuma akwai na Kazaure. Abin da ke cikin babin nan dabarun aiki ne, ba za su cuci kowa ba, ko yana da larurar ko ba shi da ita.

Darasi na 2: Takarda ɗaya, aiki ɗaya

Wannan shi ne darasin da ya fi duka, kuma a nan kuka fi tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Kan mai tarwatsewar hankali kamar kwando yake. Ka zuba niyya da dare, kafin safe ta zurare. Saboda haka ba za mu ajiye aiki a ka ba, a takarda za mu ajiye shi, inda ido zai gan shi.

Ka nemi biro da ƙaramin littafin rubutu. In babu, bayan kwalin sukari ma ya wadatar. Bayan sallar isha'i, kafin ka fita hira, ka zauna kusa da fitila. Ka buɗe sabon shafi. A can sama ka rubuta sunan ranar gobe. Idan yau Talata ce, Laraba za ka rubuta, ba Talata ba. Waɗanda suka saba da ajami, ku tuna boko daga hagu yake farawa ya tafi dama. Wanda kuma hannunsa bai faɗa da boko ba tukuna, ya rubuta da ajami, ba laifi. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya zana hoton abin: buhu, ko almakashi, ko akuya.

A ƙarƙashin sunan ranar, ka rubuta aiki ɗaya.

Ɗaya na ce. Taura biyu ba ta taunuwa. Na san aikin da ke kanku ya fi goma, na san damina ba ta jira. Sauran ba za su gudu ba. Wanda za ka rubuta shi ne wanda in ka yi shi gobe, ko ba ka yi komai ba bayansa, ba za ka kwana da takaici ba.

Yanzu ga inda ake kuskure na biyu. Mutum sai ya rubuta "noma". Noma ba aiki ɗaya ba ne, aikin wata huɗu ne. In ido ya ga kalma mai nauyi haka, zuciya sai ta ja da baya, ƙafa ta nufi teburin mai shayi. Ka rubuta abin da hannunka zai fara taɓawa. Maimakon "noma", rubuta "Kai buhun taki 1 gonar fadama". Tela kada ya rubuta "ɗinki", ya rubuta "Yanka rigar makaranta". Mai ƙuli-ƙuli kada ta rubuta "sana'a", ta rubuta "Soya gyaɗa kwano 2". Ga yadda za ka gwada: karanta abin da ka rubuta a bayyane. In ka san inda za ka dosa da abin da za ka ɗauka, ya yi. In kuma sai ka tsaya tunani, to ya yi girma, sake rage shi.

Da ka gama, yage shafin. Kada ka bar shi cikin littafi, domin littafin da aka rufe an manta da shi ke nan. Maigida, ka sa takardar cikin hularka, ko cikin takalmin da za ka sa ka tafi masallaci da asuba. Uwargida, ki ɗora ta kan hijabin sallarki, ko kan murfin tukunyar koko ki danne da dutse. Wurin da dole hannunki ya taɓa da safe, nan ne wurinta.

Bari in maimaita lokacin. Da dare ake rubutawa. Wani dattijo a ajinmu ya ce mini, "Malam, ai da safe kaina ya fi sanyi, sai in rubuta bayan asuba." Na ce, "Baba, da safen ne yara za su zo neman kuɗin koko, maƙwabci ya yi sallama, akuya ta kwance. Kafin ka nemo biro hantsi ya dubi ludayi." Ya gwada tasa dabarar mako guda, shafukansa fari fat. Da ya koma rubutun dare, kwana 4 cikin 7 ya cika aikinsa. Kwana 4 ba kaɗan ba ne ga wanda a da ba ya samun ko ɗaya.

To mu sake bi tare. Yaushe? Bayan isha'i. Me za a fara rubutawa? Sunan ranar gobe. Aiki nawa? Ɗaya. Wane iri? Ƙarami, wanda hannu zai fara taɓawa. Ina za a ajiye? Cikin hula, ko kan hijabi.

Makon jiya na karɓi littattafanku na duba, kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba. Wani ya jera mini ayyuka tara a shafi ɗaya, har da zuwa kasuwar Maigatari, ranar da ba Alhamis ba. Wata ta rubuta ɗaya kamar yadda aka ce, da kyakkyawan rubutu, sannan ta rufe littafin ta jefa ƙasan akwati. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ba gasar yawan rubutu muke yi ba. Wanda ya rubuta tara bai yi ko ɗaya ba, da bakinsa ya gaya mini. Ku manya ne, wasunku sun haife ni, ba na jin daɗin ɗaga murya. Amma aiki ɗaya, da dare, a inda ido zai gani. Wanda ya kuskure jiya ya gyara yau, ba a makara ba.

Aikin gida: kwana 7, takarda 7. Ku zo da su ko sun yamutse.

Darasi na 3: Ɗaura aiki a jikin sallah

Mai wannan larura ba ya jin wucewar lokaci yadda wasu ke ji. Zai ce "yanzun nan", ashe awa biyu ta tafi. Mu kuwa Allah ya hutar da mu, muna da ladan sau biyar a yini. Saboda haka kada ka ce "zan yi anjima". A gefen aikin da ka rubuta, ƙara sunan sallah: "bayan asuba", ko "bayan la'asar". Ana sallamewa ka nufi aikin, kada ka zauna a dakalin ƙofar masallaci.

In aikin zama ne, kamar ɗinki ko lissafin bashi, yanka shi gunduwa-gunduwa. Wani ɗan ƙasar Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980 da ɗan agogon girki mai siffar tumatir: aiki minti 25, hutu minti 5. Mu wayarmu za ta yi mana. Shiga wurin agogo a wayarka, saita ƙararrawa ta buga bayan minti 25. In ba ka iya ba, ɗanka ya nuna maka sau ɗaya, amma kai za ka danna da hannunka. Sai ka kife wayar nesa da kai, ban da leƙa WhatsApp. In ta buga, jefa tsakuwa ɗaya a kwano don ka san sau nawa ka yi, miƙe ka sha ruwa, ka dawo. In 25 ta yi maka yawa, fara da 10.

Ƙararrawar tana da wani amfani. Wani lokaci aikin da ke maka daɗi yakan haɗiye ka har ka manta da abinci. Ita za ta fizgo ka.

Kuma duk wannan ba zai yi ba in ba ka rubuta takardar daren jiya ba. Aiki ɗaya.

Darasi na 4: Aiki kusa da wani

Kun lura a ranar gayya har wanda ake kira malalaci yakan kai ƙarshen kunya? Ganin wani yana aiki yana riƙe hankali. Ka kai kekenka na ɗinki kusa da wani tela. Ki ɗauki gyaɗarki ki je ɓara gidan maƙwabciya. Sai dai a zaɓi mai aiki, ba mai surutu ba.

Darasi na 5: Kowane kaya da wurinsa

Buga ƙusa ɗaya a bayan ƙofa. Makullin babur nan, kullum. Fartanya da lauje kusurwa ɗaya. Kuɗin ciniki gwangwani ɗaya.

Darasi na 6: Barci da ƙwaya

Rashin barci yana ƙara tarwatsa hankali. A rage goro da shayi bayan magariba. Kada wani ya ba ka tiramadol ya ce maganin ƙarfin aiki ne, ko ruwan kodin da gwamnati ta hana tun 2018. Akwai maganin wannan larura na gaskiya, amma likita ne ke rubuta shi.

Darasi na 7: In ka fasa kwana biyu

Ka buɗe sabon shafi yau bayan isha'i.

Ranar Juma'a babu aji saboda kasuwar Wudil. Asabar bayan la'asar kowa ya zo da takardunsa 7 da biro nasa, na gaji da ba da aro.