Fatsa da kifin roba a damina: kurakuran da ke mayar da samarinmu gida hannu rabbana

Tun da jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka sauka kudu da Sinnar a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, Shuɗin Nilu yake ciyar da mu. Koma, birgi, mamari, gora, duk mun gaje su. Abin da bai daɗe da shigowa ba shi ne sandar fatsa mai injin naɗe zare da kifin roba (kifin ƙarya mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi), irin wanda 'yan'uwa ke zuwa da shi tsaraba daga Saudiyya. Samari sun ƙware da shi a rani, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau. Sai damina ta faɗi, kogi ya cika ya yi ja, su yini cikin kwale-kwale ba ko ƙarfasa, su dawo suna cewa kayan ne jabu. Yawanci kayan ba su da laifi. Kogin rani suka ɗauko a kansu suka shiga kogin damina da shi.

Ƙanena, fara riƙe wannan: tana ko hanta da ka soka a ƙugiya tana da wari, tarwaɗa za ta biyo ta ko cikin duhu. Kifin roba ba shi da warin komai. Ko dai kifi ya gan shi, ko ya ji motsinsa. To daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan duwatsun Habasha ke gangarowa, in ka tsoma hannu zuwa gwiwa wani lokaci ba ka ganin yatsunka. Abin da ya rage wa kifi shi ne layin nan da ke gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin girgizar ruwa. Saboda haka siririn kifin roba mai launin azurfa, wanda ke tafiya shiru, ajiye shi sai Disamba. A jan ruwa nemi mai kauri wanda ke kaɗa jiki sosai, ko mai 'yan ƙwallaye a ciki da ke ƙara, ko cokalin ƙarfe mai faɗi da ke jujjuyawa. Launi kuma ko dai mai ƙarfi, ruwan lemo ko rawaya ko na zinariya, ko baƙi ƙirin, domin baƙi yana fitar da siffa a gurɓataccen ruwa fiye da yadda ake zato. Gwaji mai sauƙi: ja shi kusa da jirgi. In ba ka ji yana bugawa a tafin hannunka ta cikin sanda ba, da wuya kifi ya ji shi.

Tare da wannan akwai gaggawa. Yaro ya jefa, ya naɗe kamar ana korarsa. A ruwa mai tsabta tsage na son gudu, gaskiya ne, amma a laka kifi na buƙatar lokaci ya gane inda motsin yake. Rage hannu, ka riƙa ɗan tsayawa. Sau da yawa a daidai tsayawar nan ake kai cafka. In kuna jan kifin roba a bayan jirgi mai inji, tafiyar mutum a ƙasa ta isa, kuma ku tuna gudun ruwa ma lissafi ne: in kuna haurawa, ruwa na yi muku rabin aikin, in kuna gangarawa, sai kun fi ruwan sauri kafin kifin roban ya fara rawa.

Kuskuren da ya fi duka tsada kuwa shi ne wuri, kuma a nan nake so in daɗe. Samari na son tsakiyar kogi, wai babban kifi na babban ruwa. Giwan ruwa, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira ijil, ba ya ɓata ƙarfinsa yana kokawa da igiyar ruwa. Ɗan kwanto ne. Yana laɓewa bayan dutse, ko ƙarƙashin itacen da ambaliya ta kayar, ko inda gaɓa ta lanƙwashe ruwa ke juyawa baya a hankali, yana jiran ruwa ya kawo masa abinci har baki. Ƙananan kifaye su ma gudun tsakiya suke yi, suna bin gefe, suna shiga ciyawar da ruwa ya haye don ci da hayayyafa. Inda ƙanana suke, nan manya suke.

Don haka kafin ka jefa, ka kashe minti goma kana kallo. Nemi layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya. Za ka gane shi da kumfa da ɓaraguzan kara da ke jeruwa a kansa. Nemi bakin ƙorama, abin da ake kira hor a nan, musamman kwana biyu ko uku bayan ruwan sama, lokacin da ƙoramar ta fara washewa alhali kogi na nan ja. Iyakar launukan biyu wuri ne mai albarka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mugran a Hartum ya ga yadda Farin Nilu da Shuɗi ke tafiya gefe da gefe ba su gauraya nan take ba; ƙaramin irin wannan yana bakin kowace ƙorama. Kogunan Dindir da Rahad, waɗanda a rani suke tsinkewa su zama tafkuna, a damina suna zubowa da ƙarfi, kuma ƙasa da bakinsu akwai irin wannan mahaɗa. Ka lura da tsuntsaye kuma. Inda ka ga suna ta faɗawa ruwa, ko kawara na tsalle a warwatse, akwai mai korarsu a ƙasa.

Wani abu da dattawa ma ke tuntuɓe a kansa: kogin yau ba na shekara ashirin da suka wuce ba ne. Madatsar Sinnar tun 1925 take, ta Rusairis tun 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013, sannan babbar madatsar Habasha ta fara tare ruwa a 2020. Laka mai yawa tana kwanciya a can sama yanzu, kuma hawa da saukar ruwa ba ga sama kaɗai suka dogara ba, har da buɗe ƙofofi. Wanda ya ce “a watan kaza kifi na wurin kaza” saboda haka mahaifinsa ya gaya masa, zai sha mamaki. Kafa kara a bakin ruwa da yamma, ka duba da asuba. In ruwa na hawa, kifi na bin sa cikin ciyawa da gindin itatuwa. In yana sauka, suna fitowa su taru a bakin hanyoyin da ruwan ke janyewa, kuma wannan ne lokacin da na fi so a duk shekara.

Sai kayan ɗauri. Tsage, wanda Larabawa ke kira kas, haƙoransa kamar zarto suke, zaren roba bai ɗauke masa komai ba. Tilas ka sa waya mai tsawon taƙi ɗaya ko fiye tsakanin zare da kifin roba. Bakinsa kuma ƙashi ne, ƙugiya mai baki uku takan zame in ya yi tsalle ya girgiza kai. Canza ta da guda ɗaya mai ƙarfi, ka wasa ta har ta kama farce, kuma in ya tashi sama ka sunkuyar da kan sanda, kada zare ya yi sako-sako. Giwan ruwa ba ya yanka da haƙori, amma murfin kunnensa na da kaifi, kuma da ya ji ƙugiya dutse yake nufa. Shi zare mai kauri yake so a gaba, kusa da kifin roba. Ƙugiyoyi da zobban da ke zuwa a kan kifin roba mai araha sukan miƙe a bakin babban kifi. Wannan dabba ce da kan haura kilo 100, kada ka ba ta amanar ƙarfen da za ka iya lanƙwasawa da yatsa. Jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi, don zafin gogayya na raunana zare. Bayan kowane kifi, ko kowace maƙalewa, shafa kamu biyu na ƙarshen zaren. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗaurawa.

Birkin injin naɗewa ma ana ɗaure shi tamau don tsoron kada kifi ya gudu, alhali wannan ne ke tsinka zare. Daidaita shi a kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, ko ƙasa kaɗan, ya riƙa saki in an ja da ƙarfi.

Hayaniya: jirgin ƙarfe ganga ne a cikin ruwa. Filafili da aka yar, gwangwanin da ake kwalfe ruwa da shi, duk suna isa kunnen kifi. Shimfiɗa buhu a ƙasa, ka kashe inji tun daga nesa, ka bar ruwa ya kai ka.

Yanzu ga wanda ba na sassauci a kansa. Na ga jirgi ya kife a gabana saboda an ɗaure dutsen anga a gindin jirgi maimakon goshi. Ruwa ya danne bayan, kafin a ce kwabo ya cika. Allah ya sa akwai masu koma kusa. Anga a goshi ake ɗaure ta, da wuƙa kusa da hannu, domin a damina kogi na ɗauko gungumen itace sukutum, in ya hau igiyarka ba ka da lokacin kwance ƙulli. Mutum ɗaya ya zama idonsa na kan inda ruwa ke fitowa kullum. Kada biyu su miƙe tsaye lokaci guda, kada kowa ya ruga gefe ɗaya don kallon kifi. Rigar hana nutsewa a jiki take da amfani, ba a ƙarƙashin mazauni ba. In babu, jarka mai murfi a ɗaure da igiya ta fi babu. Iya ninƙaya ba hujja ba ce, gwanaye da yawa kogin Agusta ya ci. Kada ku matsa kusa da ƙofofin madatsa: ruwan wurin na juyawa yana haɗiye jirgi, ga shi wuri ne na tsaro, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

Hadari in ya haɗo, sandar nan baƙa ta zamani tana ɗaukar wutar tsawa, kai kuma kai ne abu mafi tsayi a kan ruwa. Ƙidaya tsakanin walƙiya da ƙara: kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, kwantar da sanda ka nufi gaɓa. Kada ka wanke kifi da hannu a cikin ruwa a wuri ɗaya kullum, domin kadoji na koyon al'adar mutum. In minjirya ta zo, yanke zaren kawai.

Abu na ƙarshe ina roƙo ne. Damina lokacin ƙwai ne ga kifaye da yawa, kuma giwan ruwa mafiya girma galibi mata ne. In Allah ya ba ka babba a wannan lokaci, kuma gida akwai na miya, cire ƙugiya da filaya tana cikin ruwa, riƙe ta fuskarta na kallon inda ruwa ke fitowa har ta fara bugun wutsiya da kanta, sannan ka saki. Masu kilo biyar zuwa goma sun fi daɗin nama, kuma sun fi saurin shiga a kasuwar Sinnar.