Yadda Ake Gwajin Fitsari Don Gano Ciwon Sanyin Mafitsara Ga Mai Juna Biyu

Ranar awo idan malamar asibiti ta miƙo miki 'yar robar nan ta fitsari, kada ki ɗauka ɓata lokaci ne don ke lafiyarki ƙalau. A cikin masu ciki 100, ana samun 2 zuwa 10 da ƙwayoyin cuta suka zauna musu a mafitsara ba su sani ba, babu zafin fitsari, babu ciwon mara. In aka ƙyale su, har 3 cikin 10 cutar na iya haura musu ƙoda, kuma daga nan ne ake samun naƙuda ta taso kafin lokaci, a haifi bakwaini. Cikin ne da kansa yake buɗe ƙofa: hanyoyin fitsari suna saki, mahaifa tana danne mafitsara, fitsari ya daɗe bai fita duka ba, sai ƙwayar E. coli da ke fitowa daga bayan gida ta samu wurin zama.

Abu na farko, ki fara awo da wuri. Na san halinmu, musamman a cikin fari, sai ya fito sarai ake zuwa saboda kunya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwan farko ya kasance cikin makonni 12, kuma a farkon nan ne ya fi dacewa a yi gwajin.

Sai ki san gwajin iri biyu ne. Akwai na tsinke, wanda ake tsomawa a fitsari a duba launinsa nan take. Yana da amfani, yana nuna suga da furotin, amma cutar da ta yi lamo takan kuɓuce masa. Na biyun shi ne wanda ake rainon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, likita kan rubuta shi da haruffa M/C/S. Shi ne yake faɗin ko wace ƙwaya ce, da maganin da ke kashe ta. In ƙaramin asibitin unguwarku ba sa yi, ki roƙa a rubuta miki ki je babba, in kina Kaduna kamar Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri. Kuma don Allah, in kin sha wani magani na kemis ko maganin sanyi na gargajiya a 'yan kwanakin, ki faɗa, domin yana iya ɓoye cutar sakamako ya fito kamar babu komai.

Wurin tarar fitsarin ne aka fi yin ɓarna. Ni ma na taɓa yi. A cikina na biyu na shiga banɗakin asibiti da buta a hannu ɗaya, jaka a kafaɗa, na rasa inda zan ajiye murfin robar, sai na kifa shi a kan taga. Bayan kwana uku aka ce ƙwayoyi iri-iri suka tsiro, sai na sake, ga kuɗin gwaji ga na keke.

Ga yadda ya kamata. Ki yi amfani da robar da aka ba ki a rufe, ban da gorar ruwa ko kwalbar magani ta gida komai wankin da ta sha. Ki wanke hannu da sabulu. Ki yi tsarki da ruwa zalla, daga gaba zuwa baya, kada ki sa Dettol ko wani abin kashe ƙwayoyin cuta. Ki buɗe robar ba tare da yatsanki ya taɓa cikinta ko cikin murfin ba, murfin kuma in za ki ajiye, cikinsa ya kalli sama. Ki ɗan buɗa gabanki da yatsu, ki saki fitsarin farko ya tafi masai, don shi ne ke wanko dattin bakin hanya. Ba tare da kin tsaya ba, ki tara na tsakiya, kamar cokali 2 na cin abinci ya wadatar, kada robar ta taɓa jikinki. Ragowar ya tafi. Ki rufe gam, ki tabbata sunanki na jiki.

Kada ya wuce awa 2 bai isa ɗakin gwaji ba. A zafin Kaduna na watan Maris, ki tara fitsari a Rigasa ki biyo cunkoso har cikin gari, ƙwayoyin da ba su kai su kawo ba sun hayayyafa, a ɗora miki cutar da ba ki da ita. Gara ki tara shi a can asibitin.

Sakamako yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Ki koma ki karɓa, ki kai wa likita, kada ki kai wa mai kemis. Akwai magungunan da ba a ba mai ciki, irin su ciprofloxacin da tetracycline, wasu kuma sai an duba watannin cikin. Wanda aka rubuta miki, yawanci na kwana 7, ki shanye shi tas ko da kin ji garau. Bayan mako 1 ko 2 da gamawa ki sake gwajin a tabbatar ta tafi, musamman in kina da ciwon suga ko sikila.

Amma in zazzaɓi ya rufe ki da rawar ɗari, ga ciwo a kwiɓi ko bayan kwankwaso, ga amai, ko kika ga jini a fitsari, kada a ce maleriya ce a zauna gida, kada kuma a jira ranar awo. Ko tsakar dare ne, maigida ya nemo abin hawa a tafi asibiti.