Kurakuran da ake yi wajen auna darajar AP Research a Amurka

Iyaye da yawa masu 'ya'ya a sakandaren Amurka da sun ji sunan AP Capstone sai su ɗauka ƙofar manyan jami'o'i ta buɗe. AP na nufin Advanced Placement, wato darussa masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare. Shirin Capstone na hukumar College Board ne, an fara shi a 2014, kuma darussa biyu ne: AP Seminar, sannan AP Research, inda ɗalibi zai zaɓi tambayar kansa, ya shafe shekara yana bincike, ya rubuta takarda mai kalmomi 4,000 zuwa 5,000, ya kuma tsaya gaban malamai ya kare ta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na lokaci. Yaro ya ɗauki Seminar a aji 11, ya bar Research sai aji 12, ajin ƙarshe na sakandare. To, takardun neman jami'a ana miƙa su tsakanin Nuwamba da Janairu, amsa ta zo kafin Afrilu ya ƙare, sakamakon AP kuwa sai Yuli. Kun ga an yanke hukunci tun kafin makin ya fito. In makarantar ta yarda, a fara Seminar a aji 10, a gama Research a aji 11. Ta haka yaro na da aiki kammalalle da zai ambata a rubutunsa na neman gurbi, malamin da ya duba shi shekara guda kuma ya san abin da zai faɗa a wasiƙar shaida. A ganina wannan wasiƙar ta fi takardar shaidar kammala Capstone nauyi.

Wasu kuma na lissafin cewa darasin zai rage musu kwasa-kwasai da kuɗin jami'a. Jami'o'i sun fi amincewa da jarabawar AP ta lissafi ko kimiyyar sinadarai. Research kan samu matsayin kwas na zaɓi, wani wurin ma ba komai. Kowace jami'a na da ƙa'idarta a shafinta na intanet, a duba kafin a yanke shawara. Kada a sauke lissafi mai zurfi don a samar wa Research wuri, musamman ga mai son injiniya ko likitanci. Babbar takardar shaidar Capstone ma sai an ci maki 3 ko sama cikin 5 a darussan biyu da wasu jarabawar AP guda huɗu.

Su yaran nasu kuskuren girman tambaya ne. Mai shekara 16 ba zai warware matsalar ciwon suga a duniya ba, amma zai iya binciken abin da ɗaliban makarantarsa ke ci da rana. Bincike a kan mutane kuma yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara tambayar kowa, don haka a nemi izinin tun farkon zango.

Akwai kamfanonin da ke karɓar dubban daloli su haɗa yaro da "mai ba da shawara", su buga masa takarda a mujallar da babu wanda ke karantawa. Ku riƙe kuɗinku. Shirye-shirye masu daraja irin Research Science Institute da ake yi a jami'ar MIT kyauta ne, cancanta ce kawai ke shigar da yaro.