Teburin karatun yaro: kurakuran da masu bin feng shui suka fi yi

A ƙasar Sin, idan gaokao ta ƙarato, wato jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, iyaye da yawa kan sake tsara ɗakin ɗansu bisa feng shui, tsohon ilimin tsara muhalli da Sinawa suka gina kan yadda ƙarfin da suke kira chi yake zagaya gida. Sai dai da yawa sukan kama reshe su bar tushe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jingina tebur da bango, yaro ya ba ƙofa baya. Masanan feng shui sun ce a nan aka fi yin asara, kuma ko wanda bai yarda da maganar chi ba zai gane dalili. Ka lura da yaron da ke zaune haka: da an taɓa ƙofa sai ya waiwaya, yatsansa ya zame daga layin da yake bi, ya koma neman inda ya tsaya. Gyaran shi ne a juya teburin, bango ya kasance a bayansa, ya riƙa hango ƙofa ta gefe ba tare da ya zauna saitinta ba. Idan ɗakin ya matse, ko kujera mai dogon majingini ta rage matsalar.

Wasu kuma, a neman haske, sai su manna teburin da taga. Hasken yana kashe ido, titi kuma yana ɗauke hankali. Tagar ta koma gefe: hagu ga mai rubutu da dama, dama ga bahago, don kada inuwar hannu ta rufe rubutu.

Bim, wato gungumen katako ko kankare da ya gitta saman ɗaki, ma ba a zama ƙarƙashinsa, a cewar masanan feng shui yana danne mutum. A matsar da teburin kawai. Haka madubin da ke fuskantar yaro, a cire shi.

Akwai ƙa'idar da ake yawan juyawa. A feng shui, hagun mai zama ana kiransa ɓangaren koren dodo, dama na farar damisa, kuma hagu ake so ya fi tsayi. Don haka fitila da jerin littattafai su tsaya a hagu, dama a bar ta fili. Ga yaro mai rubutu da dama, wannan ya zo daidai da buƙatar gwiwar hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen kayan sa'a. Iyaye kan jera ƙaramar hasumiyar Wenchang, wanda Sinawa masu bin addinin Tao suke ɗauka ubangijin karatu, da sanduna huɗu na tsiron sa'a mai kama da gora a cikin ruwa, alhali teburin cike yake da tarkace, ƙafafun yaro na lilo saboda kujera ta yi masa tsawo. Wannan ɓangaren aƙidar masu shi ce, kuma wanda bai ɗauke ta ba babu abin da ya rasa. Kuɗin ya fi amfani a sayi fitila mai kyau, a sa ɗan katako ƙarƙashin ƙafar yaro, a fitar da talabijin da waya daga ɗakin har ya gama aikin gida.