Yadda ake shan ruwan khal don rage ƙiba

A Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, da wuya mata su zauna hirar rage teɓa ba a ambaci khal ɗin tuffa ba. Abu ne mai asali, Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, kamar yadda ya zo a Sahih Muslim. Masu talla ne dai suka zuzuta shi fiye da kima. A wani bincike da aka yi a Japan a 2009, masu ƙiba da suka sha babban cokali 1 ko 2 kullum har mako 12 sun rage kilo 1 zuwa 2 ne kacal, da suka daina kuma nauyin ya dawo.

Ki fara da saye. In kin shiga kasuwar Kejetia, nemi kwalbar da aka rubuta tsaminta kashi 5 cikin 100, mai lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Wanda aka ɗura a gorar da ba ta da suna, ki bar wa mai shi.

Sai haɗi, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Kada ki kuskura ki sha shi gayansa: yana ƙona maƙogwaro, yana cinye farin haƙori, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Ki juye rabin ledar fiya wata a kofi, ki zuba cokalin shayi ɗaya. In kin yi mako guda cikinki bai yi gardama ba, ki koma babban cokali ɗaya. Iyakarsa biyu a yini. Ki sha dab da cin abinci, ki kuskure baki da ruwa, ki jinkirta goge haƙori na rabin awa. Wadda ba ta jure tsamin sai ta yayyafa shi a kan latas da kokwamba. Ni wannan hanyar na fi so ma.

Ɗan aikin da yake yi shi ne jinkirta saukar abinci daga ciki, sai ƙoshi ya daɗe. To amma in kika bi shi da waakye mai taliya da gari da ƙwai, ga lamurji cike da sukari, kin yi aikin baban giwa. Rage malmalar tuwon zafi, ki ƙara miyar ayoyo, koko kuma a sassauta masa sukari.

Mai olsa ko ƙwannafi ta haƙura da shi gaba ɗaya. Mai juna biyu, da mai ciwon sukari da ke kan allura ko ƙwaya, da mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, su fara ganin likita, domin khal yana iya saukar da sukari da sinadarin fotasiyam ƙasa da yadda ya kamata.