Yadda Ake Kashe Wutar Rashin Mutunci Tun Kafin Ta Kama

Wanda yake son rage cin mutuncin da yake gamuwa da shi a birnin Kano, ya fara da sanin inda abin yake tsirowa, domin yawancin baƙar maganar da ake yaɓa wa mutum a titi ba shi ya jawo ta ba, tarar da ita ya yi. A da, yaron da ya ɗaga wa babba murya a unguwa, kafin magariba labarin ya isa zauren gidansu. Yau mutum zai taso daga Rijiyar Lemo zuwa Kantin Kwari, ya gogi kafaɗar ɗaruruwan mutane, babu wanda ya san ɗan wane gida ne, kunya kuwa ba ta cika aiki a inda babu idon sani ba.

Sai kuma matsin rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, direban adaidaita sahu yana fitowa ne da lissafin balas da na mai a kansa, ga zafin rana, ga cunkoso, har naira hamsin ta zama abin da zai yi rantsuwa a kanta. Abin ban dariya ma, sunan abin hawan ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Saboda haka kada ka hau sai ka yi sallama, ka faɗi inda za ka sauka, kun daidaita kuɗi, sannan ka sanar da shi idan dubu ɗaya ce a hannunka ko kuma ta waya za ka tura. Rigimar canji a bakin titi, tun wajen hawa ake kashe ta.

Idan magana ta riga ta ɗau zafi, ka sassauta muryarka ƙasa da tasa, ka kira shi da sunan girma: Malam, Alhaji, Baba idan dattijo ne, Hajiya idan mace ce, ƙanena idan yaro ne. Ka guji tsaki da nuni da yatsa, musamman kuma "ka san ko ni wane ne?", wadda ban taɓa jin ta kawo sulhu ba. A gaban jama'a girmansa mutum yake karewa, ko da ya san ba shi da gaskiya, don haka ka ja shi gefe, ka bar masa ƙofar fita. Na taɓa gani a Kasuwar Singa mai baro ya bugi ƙafar wani mai sayayya, har an fara cin kwala, sai mai shagon ya fito da ruwa leda biyu, ya ce, "Sannu Alhaji. Kai ma sannu, kayan sun yi maka nauyi." Kowa ya sha, aka watse.

A waya abin ya fi muni, domin rubutu ba ya ɗauke da murya ko fuska, wasa ma yakan koma gatse. Idan an gaya maka magana a zauren dangi na WhatsApp ko a Facebook, kada ka amsa nan take, kuma kada ka ɗauki hoton hirar ka yaɗa. Ka bari a kwana, ka kira mutumin ku gaisa.

Maƙwabcin da kullum kuke saɓawa a kan kwata, bola ko ƙarar janareta, nasa daban ne, tun da gobe ma da shi za ka tashi. Ka same shi bayan sallar isha'i, kai kaɗai. Idan bai ji ba, ka sa limamin masallacinku ko mai unguwa a ciki kafin maganar ta kai ofishin 'yan sanda, kuma ka je musu da buƙata guda ɗaya tak, kamar a riƙa kashe janareta ƙarfe 11 na dare.