Yadda ake sayen wagon mai jan ƙafa huɗu a Zariya, da yadda ake riƙonta

Duk mai gona a wajen gari ya san abin da watan Agusta ke yi wa hanya. Kwalta na ƙarewa sai jar ƙasa da ruwa ya mayar taɓo, ƙaramar mota ta tsaya tana ta wulwula ƙafa wuri ɗaya, ga buhunan taki a baya. Shekara biyar ke nan ina zirga-zirga tsakanin Samaru da gonarmu ta wajen Maigana da wagon mai jan ƙafa huɗu. Mota ce mai albarka, amma tana da sharuɗɗan da dillali ba zai zauna ya faɗa maka ba.

Da farko a san abin da ake saye. Fijo 504 mai dogon baya, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ƙafafun baya ne ke tura ta. Yawancin ƙananan motocin yanzu kuwa ƙafafun gaba ke jan su. Ita mai jan ƙafa huɗu, ƙarfin injin yana kaiwa ga duka ƙafafun huɗu, motar ce ke raba shi da kanta ba sai direba ya sa wata giya ba. Amma ba Hilux ba ce, ba ta da giyar nan ta hawan tudu da shiga daji.

Mataki na farko, ka dubi hanyar da kake bi. Idan harkarka ba ta wuce PZ, Kongo, Kwangila da zuwa Kaduna a kan kwalta ba, ka bar wannan motar, ka sayi mai jan gaba. Ƙarin ƙarafan da ke ƙarƙashinta nauyi ne, nauyi kuwa mai yake sha, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowace lita sai an lissafa ta. Wanda ta dace da shi shi ne mai gona, da mai kai kaya kasuwannin ƙauye irin su Giwa da Makarfi, da wanda gidansa ke sabuwar unguwar da kwalta ba ta kai ba tukuna.

Mataki na biyu, ka nemi bakanike kafin ka nemi mota. Ka je gareji ka tambaya wace iri suka iya, kuma ina ake samun kayanta: a Sabon Gari, ko sai Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko sai an aika Ladipo a Legas. Toyota Matrix da 'yar uwarta Pontiac Vibe kayan injinsu na Toyota ne, kusan kowane bakanike ya san su, sai dai mafi yawan waɗanda ke kasuwa masu jan gaba ne, kuma cikinsu bai da tsayi daga ƙasa. Venza ma akwai mai jan huɗu. Subaru Outback, wadda ta fara fitowa a 1994, ita ce gwanar taɓo, ƙirar 2010 zuwa sama tsayin cikinta ya kai kusan santimita 22, amma masu iya gyaranta ba su da yawa a nan. Volvo XC70 akwai ƙwari da daɗin zama, kayanta akwai tsada. Audi allroad ta farko kuwa a kan jakunkunan iska take zaune, in suka fara yoyo aljihu zai ji a jikinsa, ni dai ba na ba wanda motarsa ɗaya shawarar ya saye ta.

Mataki na uku shi ne duba motar, kuma kada ka yarda a yi cinikin ba a hau rami da ita ba. Motar farko da aka kawo mini, fenti na ƙyalli, an rubuta AWD, wato mai jan ƙafa huɗu, a bayanta. Bakanikena ya shiga ƙarƙashi da tocila, jim kaɗan ya leƙo ya ce, "Malam, sauko ka gani da idonka." Farfelar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya babu ita, sai ramukan kusoshi da tsatsa ta cika. An cire ta ne don a ɓoye wata matsala, motar ta koma mai jan gaba, ana neman kuɗin mai jan huɗu. Wannan ya zama ruwan dare a motocin da suka yi hannu biyu ko uku.

Kana ƙasan, ka duba yoyon mai a giyabos da aksil na baya, ka duba robobin shaf ko sun yage, ka ƙwanƙwasa ƙarafan gindi. Motocin da suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka da Kanada gishirin da ake zubawa a titi yakan cinye ƙarƙashinsu alhali saman bodi na nan garau. Sannan a nemi fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a yi ta zagaye a hankali, dama sannan hagu. Lafiyayyar mota sumul za ta juya. In ka ji tana turjewa, tana tsalle ƙanana ko ƙafafun baya na ƙara, na'urar da ke raba ƙarfi ta fara lalacewa, gyaranta kuma ba na kuɗi kaɗan ba ne. Ka nemi a tayar da injin da sanyin safiya a gabanka. A Subaru mai inji 2.5 ta shekarun 2000, gaskit ɗin kan inji sanannen ciwonta ne: ka duba ɗanshin mai ko ruwa a gefen injin ta ƙasa, ka bar ta ta yi zafi ka ga ko allura na hawa. Ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin. In ba wanda ya sani, ka sa kuɗin canza shi cikin lissafin ciniki, domin in ya tsinke ana tafiya injin ne zai tafi.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta zo daidai da ta takardar kwastan da ta mallaka. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a canza suna, a yi inshora. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin ka ga waɗannan.

Yanzu ga inda mutane suka fi kashe irin wannan motar: taya. Mun saba in taya ɗaya ta fashe sai a je wurin mai faci a ɗauko Baljiyam duk wadda ta shiga, a ɗaura a wuce. Mai jan gaba za ta haƙura da haka. Wannan ba za ta haƙura ba. Taya da ta fi sauran girma ko da ɗan kaɗan ne ba ta juyawa daidai da su, motar kuma sai ta ɗauka wata ƙafa ce ke santsi, ta riƙa aikin gyara abin da bai ɓaci ba tun daga Zariya har Kano. Na'urar ta yi zafi, ta cinye kanta, bayan 'yan watanni a ce giyabos ya mutu ba a san dalili ba. Don haka tayoyin huɗu su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, cinyewarsu ɗaya. Bambancin zurfin zanensu kada ya wuce kamar milimita ɗaya da rabi. A riƙa juya su, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 10,000 ko ƙasa da haka, a auna iska kowane mako bisa abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba yadda mai faci ya ga dama ba. Lambobi huɗu da ke gefen taya mako da shekarar ƙera ta ne, 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Ƙaramar safaya kuwa ta kai ka wurin gyara ce kawai, ba ta zuwa Funtuwa a dawo ba. Ranar da ka sayi motar, ka ware kuɗin sababbin taya huɗu tun kafin ka yi maganar rediyo ko labule.

Juyen baƙin mai kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne man aksil na baya da na akwatin raba ƙarfi, kuma a Volvo da Volkswagen masu na'urar raba ƙarfi ta Haldex akwai wani mai na musamman da ita kaɗai ke sha. Subaru ta 2010 zuwa sama da yawa giyarsu CVT ce, wato wata irin giyar otomatik mai man kanta daban, in aka zuba mata man giya na gama-gari an gama da ita. Ka saya da hannunka, ka tsaya a zuba a gabanka.

A taɓo, tafiya a hankali ba tsayawa ita ce dabara, ba taka totur ba. Jan ƙafa huɗu na taimakon tashi ne, birki bai ƙaru da komai ba, saboda haka a jiƙaƙƙiyar kwalta ka ba na gaba tazara kamar kowa. Ruwan da ya kai tsakiyar taya kuma yana gudu, ka jira ya janye. In motar ta lalace a hanya, a ɗora ta dungurungum a bayan janwe, kada a ɗaga ƙafa biyu a ja ta da biyu a ƙasa. Damina na ƙarewa a wanke ƙarƙashinta sosai, lakar da ta bushe a jikin robobin shaf ita ke yaga su, sannan a sa sabuwar matatar iska kafin ƙurar hunturu ta sauka.